Kukan Aiki

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiya. Na ga saƙonninku, har da na masu tsokanar da ke cewa an ɗaura ne na ɓoye muku. Wallahi ba a ɗaura komai ba. Ku gyara zama, yau labarin zuwana Kibiya zan ba ku. Amma tunda na ga baƙi sun shigo mana, bari in ɗan faɗa musu ko ni wace ce.

Sunana Afra'u, haifaffiyar cikin garin Rano, sana'ata fim. Kada ku wahalar da kanku wajen tuno fuskata. Ni ce nas ɗin nan da ke fitowa daga ɗakin haihuwa ta ce an samu namiji. Ni ce maƙwabciyar da ke leƙe ta kan katanga, ni ce ƙawar amarya mai riƙe mata jaka. Da irin waɗannan ƙananan fitowar nake riƙe da kaina, da Innata, da 'yata Mu'minat. Tun ina budurwa na fara, na ajiye da na auri Uzairu, don kun san a sana'armu mace in ta yi aure takan bar gaban kyamara. Mu'minat tana rarrafe zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Da na gama takaba na dawo gidanmu, na duba hagu na duba dama, na koma wa abin da na iya.

Yanzu Mu'minat ta haura shekara huɗu, kuma duk inda aiki ya kira ni tana riƙe da gefen mayafina. Ba gata ba ne, rashin wanda zan bar wa ne. Ciwon gwiwa ya zaunar da Inna, daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida, ba za ta iya da yarinyar da in ka kau da ido ta kai bakin rijiya ba. Haka yarinyar nan ta tashi tsakanin wayoyin fitila da ƙafafun kyamara. Ta san in an ce a yi shiru, ko tari ne ya taso mata sai ta toshe baki da hannu biyu. Ita ce ma abokiyar haddata a gida. Sai in zaunar da ita a kan turmi in yi ta zuba mata faɗa ko kuka, ita kuwa tana ɓarar gyaɗarta tana kallona. Tun da wuri na koya mata cewa kuka iri biyu ne, akwai na gaske akwai na aiki, don kada ta riƙa firgita. Da na fara sai ta karkata kai ta ce, "Umma, na aiki ne?" In gyaɗa mata kai, ta ci gaba da sha'aninta.

Ranar da za mu Kibiya an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Na saka doguwar rigar atamfa ruwan toka mai ratsin shuɗi, na ɗaura ɗankwalinta, ban yi wata kwalliya ba sai kwalli, don sanarwar da aka turo a guruf ɗinmu na 'yan fim ta ce matar manomi ake nema. Mu'minat na saka mata 'yar kanti ruwan hoda da ƙaramin farin hijabinta mai leshi a baki. Ina cikin haɗa jakarta, filas ɗin kunun gyaɗa, biskit, zanin shimfiɗa, kayan canji da 'yar tsanarta mai hannu ɗaya, wayata ta yi ƙara a kan taga.

Saƙon murya ne daga Yaya Ishiyaku, yayan marigayi, wanda ke riƙe da gidansu a Zinyau. Ba mutum ne mai yawan kira ba. Na danna.

"Afra'u, ina kwana. Ya jikin Inna? An nuna mini wani hoto a waya, Mu'minat tana barci a kan benci an lulluɓe ta da mayafi, maza suna ta giftawa da fitilu a kanta. Ni ban ce kin yi laifi ba, na san neman halali kike. Amma 'yar Uzairu ce, amana ce a wuyanmu. In damina ta ɗauke, ko dai ki samu ɗakinki ki zauna da ita, ko ki kawo ta Zinyau cikin 'yan uwanta ta fara islamiyya. Ki yi tunani. Na bar ki lafiya."

Masu karatu, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Amma babu ɗaga murya, babu baƙar magana, kuma hoton nan gaskiya ne. Na san ranar, na san bencin, mayafina ne ma a jikinta.

Inna tana zaune a tabarma tana shafa man zafi a gwiwa, duk ta ji.

"Kin ji dai da kunnenki," ta ce.

"Na ji, Inna."

"Mutumin nan bai yi ƙarya ba. Ga Shamsuddeen Allah ya kawo miki har ƙofar gida, yaro mai hankali, ya ce yana son ki da 'yarki. Me kike jira? Ki ce ya turo magabatansa a ɗaura kafin kaka, kin ga bakin kowa ya mutu."

"Inna, wannan ba irin wanda na saba ba ne. Babbar jaruma suke nema, fim mai dogon zango. Kuma a nan Kibiya za a yi shi, ba kwana a Kano, ba barci a benci. Kullum a gida za mu kwana."

"To in sun ɗauke ki, auren fa?"

Na sunkuya ina gyara wa Mu'minat takalmi. Inna ta yi ajiyar zuciya ta rufe kwalbar manta.

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ki dai riƙe mata hannu a tasha."

Shamsuddeen ɗin da Inna ke magana likitan dabbobi ne, a Kibiya yake aiki. Iyayensa Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya suka rungumi noma, amma har yau da shanunsu. Tunkiyar Inna ce ta haɗa mu, lokacin da haihuwa ta zo mata da gardama aka kira shi. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Tun ranar yake zuwa duba tunkiyar da ta daɗe da warkewa, har Inna ta ce masa, "Ɗan nan, in wata maganar ce ka fito da ita, tunkiya dai ta gode."

Muna cikin motar Kibiya saƙonsa ya shigo: "Kin tashi lafiya? Allah ya ba da sa'a yau. Ina daji wajen allurar shanu, amma zan shigo gari. In kun gama ki kira ni. Ki ce da Hajiya ƙarama ban manta da kindirmonta ba."

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ƙarshe dai na tura masa, "Amin, na gode."

Hanya ta yi kyau ranar. Dawa ta yi tsayi ta fara ciki, masara ta yi goyo, ko'ina kore shar, duwatsu sun jiƙe suna sheƙi. Mu'minat ta manna goshi a gilashi tana gaishe da duk saniyar da muka wuce. Wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa a cinya ta tambaye ta ina za ta, ta ce, "Aiki za mu je ni da Ummana." Duk motar aka sa dariya. Ni ma na yi, amma iyakarta leɓe.

A wata makarantar firamare aka shirya tantancewar, da yake ana hutu. Na tarar da 'yan mata cike da baranda, wasu tun daga Kano, an sha hoda da gashin ido, turare kamar gidan biki. Na kalli atamfata na ji kamar wadda ta zo sayar musu da awara. Wata mai jan leshi ta dube mu sama da ƙasa ta ce da ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Ashe har da 'ya'ya ake zuwa."

Na saba.

"Afra'u! Taho nan, ga wuri." Ramlatu ce, tsohuwar abokiyar aikina, wadda muka sha fitowa maƙwabtan juna. Ta ja Mu'minat ta ɗora a cinya. "Ke 'yar fim ɗin gado, yau ma kin zo duba mu?"

Na shimfiɗa zani a ƙarshen baranda, na zuba wa yarinyar kunu a murfin filas. Muka yi ta jira. Rana ta fito ta koma cikin gajimare, ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu su fito da murmushi, wasu su fito suna danna waya ba su kalli kowa ba. Mu'minat ta shanye kununta, ta yi wa 'yar tsanarta wanka da iska, ta tambaye ni dalilin da ya sa allon ajin ya yi fari, ta yi fitsari a bayan makaranta, ta dawo ta fara lissafa wa Ramlatu sunayen awakin unguwarmu. Na ba Ramlatu labarin saƙon safe a taƙaice. Ta ce, "Ni nawa tun yana shekara uku suka karɓe. Sai da salla nake ganinsa."

Da aka kira sunana na durƙusa gaban Mu'minat.

"Ki zauna wajen Anti Ramlatu. Me ake yi in Umma tana aiki?"

Ta ɗora yatsa a baki.

A cikin ajin an ture bencuna gefe, an kafa kyamara ɗaya. Daraktar mace ce, Hajiya Salma, babbar mace mai farin gilashi da hijabi ruwan ƙasa, ba ta da yawan fara'a. A gefenta wani mai suna Tajuddeen, shi ke tsayawa a matsayin abokin wasa.

"Ba zan ba ki abin haddacewa ba," ta ce. "Ke matar manomi ce, mijinki ya rasu ya bar miki gona da 'ya ɗaya. Wannan ƙaninsa ne, ya zo ya ce a sayar da gonar, tunda mace ba za ta iya da ita ba. Ki ba shi amsa. Kada ki yi mini ihu, na gaji da ihu tun safe."

Tajuddeen ya gyara tsayuwa ya faɗi nasa, cikin lallashi, har da cewa don amfanina ne.

Na buɗe baki da niyyar in yi irin yadda na saba, in dafa ƙirji in karya murya. Sai na ji wata magana daban tana fitowa. Na ce masa yarinyar nan ba ta san fuskar ubanta ba, ba ta san muryarsa ba. Na ce abin da ta sani kawai shi ne in mun je gona ina nuna mata inda yake zama ya sha fura, da bishiyar da yake rataye rigarsa. Na ce duk shekara in masara ta nuna, shi ke fara karyo guda biyu ya gasa da kansa ya kawo mini a cikin hularsa, yana busa yatsu saboda zafi. Wannan ba ƙirƙira na yi ba, masu karatu, haka Uzairu yake yi. Ban san lokacin da na daina ganin Tajuddeen ba. Na ce, "In ka sayar, in ta tambaye ni ina Babanta ya taɓa tsayawa a duniya, ina zan nuna mata?"

Daga nan murya ta ƙi. Hawaye kawai ke zuba, na kasa tsayar da su, na kasa ci gaba.

"Ya isa," in ji Hajiya Salma a hankali.

Sai a sannan na lura da ita. Mu'minat tana tsaye a bakin ƙofa, ta zame daga hannun Ramlatu, ta toshe bakinta da hannu biyu, idanunta taf da ƙwalla. Ashe tun ɗazu take wurin, amma ba ta yi motsi ba sai da ta ji an tsayar. Ta tako a hankali har gabana, ta ɗaga kai ta kalle ni sosai.

"Umma," ta ce, "wannan ba na aiki ba ne."

Na durƙusa. Ta kama bakin hijabinta ta shiga goge mini fuska, tana cewa, "Yi shiru, yi shiru, za mu tafi gida," daidai yadda nake yi mata.

Na ɗago ina ba da haƙuri, na ce ban san ta biyo ni ba. Hajiya Salma ta cire gilashinta ta goge da gefen hijabi, ta tambayi mai kyamara ko ya kashe. Ya ce bai kashe ba.

"'Yarki ce?"

"Eh, Hajiya."

"Kullum da ita kike yawo?"

"Ba ni da inda zan bar ta."

Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta ce, "Ni ma da nawa na yi yawo, a bayana, lokacin ina riƙe wa wasu fitila. Afra'u ko? Na ba ki matar manomin. Za mu fara in an soma girbi, kuma aikin zai ja mu har bayan kaka da nisa. Sai dai ina da wata magana. Ina neman yarinyar da za ta fito 'yarki, na gwada yara da yawa duk kyamara suke kallo. Wannan ke take kallo. Ki ba ni ita."

Kun san abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, a ce yau ni ce a gaba ba a bayan amarya ba. Na zaci in ranar ta zo zan yi tsalle. Sai ga shi na tsaya riƙe da hannun yarinya, muryar Yaya Ishiyaku tana yi mini yawo a kunne. Hoton barci a benci ma ya tayar da magana, ina ga a ce ga ta a talabijin?

"Hajiya, ni na karɓa, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ita ba ni kaɗai ke da ita ba. Tana da dangin uba. Ba zan sa ta gaban kyamara su gani a waya kamar kowa ba."

"In suka ƙi fa?"

"In suka ƙi, sun ƙi."

Ta mayar da gilashinta. "Je ki tambaye su. Amma kada ki daɗe, ina da jadawali."

A waje Ramlatu ta rungume ni har da guɗa ƙasa-ƙasa, mai jan leshi ta kau da kai. Na naɗe zanina na kira Shamsuddeen.

Bai jima ba ya iso a tsohuwar motarsa mai warin maganin dabbobi. Yana sanye da yadi ruwan sararin samaniya, ƙafar wandon duk taɓo, hula a karkace. Ya miƙa wa Mu'minat 'yar robar kindirmo da cokali, ta ce, "Na gode, Kawu likita," ta haye kujerar baya. Na zauna kusa da ita. Ya tayar da mota muka kama hanyar Rano.

"Yaya aka yi?" ya tambaya yana kallona ta madubi.

"Sun ɗauke ni. Ni ce babbar jarumar."

"Alhamdulillahi." Ya faɗa da gaske, na ji a muryarsa. Amma ya san abin da hakan ke nufi kamar yadda na sani, ba maganar aure sai an gama fim ɗin.

"Akwai maganar da ya kamata ki ji daga bakina," ya ce daga baya. "Jiya na je Zinyau duba wasu shanu. Malam Ishiyaku ya aiko aka kira ni."

Na gyara zama.

"Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce ya ji ina neman ki, kuma ya yi bincike a kaina bai ji abin ƙi ba. Ya ce in na ba shi alkawarin za a ɗaura kafin kaka ki bar fim, zai bar miki Mu'minat har ta girma, ba zai sake tayar da maganar ba."

"Me ka ce masa?"

"Na ce wannan alkawarin ba a bakina yake ba, a bakinki yake. Ba zan ɗauki abin da ba nawa ba in ba shi."

Na kalli bayan kansa, inda gashi ya ɗan fito ƙarƙashin hula.

"Malam, kai fa? Ban tambaye ka abin da ya dace ba. Me kake so?"

Ya rage gudu ya kauce wa wani rami cike da ruwa.

"In don ta ni ne, a ɗaura jibi. Ba zan ɓoye miki ba. A gida ma an dame ni, Innata kullum sai ta tambaya. Kuma ba zan ce miki ina jin daɗin in ga wani yana kiran ki matarsa a talabijin ba, ko da wasa ne." Ya ɗan yi murmushi. "Amma na ga fuskarki da kika ce sun ɗauke ki. In na raba ki da wannan, da wace fuskar za ki shigo gidana? Ki yi shi ki gama. Zan jira. Ba da daɗin rai ba, amma zan jira."

Mu'minat ta ɗago da farin gemu na kindirmo ta ce, "Kawu likita, me za ka jira?"

"Ruwa ya ɗauke, Hajiya."

Na juya ina kallon taga don kada ya ga idona. Ban taɓa ce masa ina son sa ba, masu karatu, ko a waya. Ranar ma ban faɗa ba. Amma a cikin motar nan mai warin magani na san amsar da zan ba Inna in ta sake tambaya.

Saura Zinyau. Na yi tunanin in koma gida in tsara saƙon murya mai daɗi, in goge in sake, in tura in kashe waya. Haka na saba yi da su tun da na koma fim. Sai na ga ai wannan ɓuyan ne ya sa suke ganin 'yarsu a hoton wayar wasu.

"Malam, in ba za ka takura ba, kai mu Zinyau."

"Yanzu?"

"Yanzu. In na kwana ba zan iya ba."

Ya juya kan mota inda hanyar ta rabu.

La'asar ta yi lokacin da muka isa. Hanyar duk caɓi, sai da muka bi a hankali. Gidan yana nan yadda na bar shi, zauren ƙasa da aka yi wa sabon yaɓe, rumbuna a gefe, ƙamshin dafaffen ganyen tafasa yana tasowa daga ciki. Shamsuddeen ya tsaya nesa kaɗan a gindin wata bishiya ya ce zai jira a mota, ba huruminsa ba ne ya shiga.

Yaya Ishiyaku yana alwala a ƙofar zaure. Da ya gan mu sai da ya ajiye butar.

"Afra'u? Lafiya dai?"

Na durƙusa na gaishe shi. "Lafiya lau, Yaya. Na ji saƙonka, na ga bai kamata in amsa ta waya ba."

Ya kalli Mu'minat, ita ma ta kalle shi, ta ɓuya a bayana tana leƙe. Duk wanda ya san Uzairu, in ya ga goshin yarinyar nan da yadda take karkata kai, sai ya ji wani abu.

"Ku shiga wajen Iya," ya ce. "In na idar da salla ina zuwa."

Iya ita ce mahaifiyar Uzairu. Rabon da mu yi doguwar magana da ita tun ranar da na bar gidan, kuma na ɗauka fushi take da ni saboda fim. Na same ta zaune a bakin gadonta, ta rame, carbi a hannu. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta juyo, amma ba daidai inda nake ta kalla ba.

"Muryar wa nake ji kamar Afra'u?"

"Ni ce, Iya."

"Ke kaɗai?"

"Da Mu'minat."

Carbin ya zame daga hannunta. Ta miƙo hannu biyu cikin iska. Na tura yarinyar a hankali, ta tafi tana waiwayena. Iya ta jawo ta kusa, kusa sosai, har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta juya ta wajen hasken taga tana shafa goshinta da kunnuwanta. Mu'minat ta tsaya cak, ba ta yi kuka ba.

Yaya Ishiyaku ya yi sallama zai shigo, Iya ta ɗaga masa hannu.

"Koma tukuna. Maganar nan tawa ce da ita."

Ya koma. Na fara jero abin da na shirya a hanya, aikin Kibiya, kwana a gida, islamiyyar da zan sa ta a Rano. Ta katse ni.

"Ba Ishiyaku ne ke son a kawo ta ba, ni na sa shi. Hoton benci dalili kawai ya samu. Ni fim ɗinki bai dame ni ba, ban ma iya ganinsa." Ta nuna idonta. "Yana tafiya, Afra'u. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan. Na ce kafin ya rufe in ƙoshi da kallon abin da ɗana ya bari. Na yi ta jira ki kawo ta da kanki, kunya ta hana ni aikawa, ke ma ban san me ya hana ki ba."

Na kasa ɗaga kai. Duk tsawon lokacin nan ina shirin faɗa da mutanen da za su ƙwace mini 'ya, ashe tsohuwa ce zaune a ɗaki tana jiran a kawo mata jikarta ta gani.

"Ki yafe mini, Iya."

"Bar wannan. Za mu yi maganar yarinya, da ta aikin naki, duk za mu yi, yau ba inda za ku sai kun ci tuwo." Ta gyara wa Mu'minat zama a cinyarta, ta karkata kunne wajen taga. "Na ji tsayuwar mota ɗazu, ban ji tashinta ba. Shi ne mai allurar shanun?"

"Shi ne, Iya."

"To ba a barin baƙo a gindin bishiya a gidan nan. Wanda zai zauna inda ɗana ya zauna, ni zan fara ganinsa tun ina da idon gani. Tashi ki ce ya shigo."